Yaron Takieta da Littafin Lakwal

Duk motar da ta taso daga Takieta ta nufi birnin Damagaram sai ta ratsa Tirmini. A nan ne, a ƙarshen watan Yuli na 1899, dawakin Sarki Amadu Kuran Daga suka yi karo da bindigogin Faransawa, ragowar rundunar Voulet da Chanoine wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara. Aka ci Damagaram, sarkin ya fice daga birni, aka kashe shi cikin watan Satumba. Amma yaron wannan yanki da aka kai lakwal shekara 40 bayan haka bai tarar da labarin a littafinsa ba. In ma ya ji shi a aji, to daga bakin waɗanda suka ci yaƙin ne.

Ba wai yaron ya zo hannu rabbana ba. Yana da allonsa, yana da kakarsa mai tatsuniya da dare, ya san wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi da kwaɗayin kura. Sai dai duk wannan a bakin ƙofar aji ake ajiye shi.

Littafin da ya fi shahara a lakwal ɗin Afirka ta Yamma tun shekarun 1930 shi ne Mamadou et Bineta, na wani jami'in ilimi Bafaranshe, André Davesne. A faɗi gaskiya, littafin ya yi nasa ƙoƙarin: yaransa baƙaƙe ne, sunayensu na gida, akwai gona da kasuwa da rijiya a ciki. Dattawan da suka yi karatu da shi har yau suna tuna shi da kewa. To amma Mamadu da Binta ba su taɓa furta kalma ɗaya ta Hausa ba. Ɗalibin da bakinsa ya suɓuce ya yi yarensa a filin makaranta kuwa, sai a rataya masa sambol, wato alamar horo, a wuya, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi, don wanda abin ya kwana a hannunsa shi zai sha bulalar malam.

Hanyar da ta ɓalle daga Takieta ta yi kudu ta Kance da Matamaye tana kaiwa Daura da Kano, kuma a can lamarin ya bi wata turba. Ingilishi ya bari a fara karatu da Hausa. A Zariya, Rupert East ya shirya gasar rubutu ta 1933, sannan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Labarai da dama na aro ne daga Larabawa da Indiya da Turai, amma Imam ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. Yaron Daura ya karanta da harshen uwarsa, ɗan'uwansa na Takieta kuwa sai da Faransanci.

Bayan Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki batun littafin yara da gaske shi ne Bubu Hama, malamin makaranta ɗan Foneko da ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Tare da marubuciya Andrée Clair ya fitar da littattafan yara irin su Le Baobab merveilleux a 1971 da L'Aventure d'Albarka a 1972, inda yaron Nijar shi ne jarumi, ba ɗan rakiya ba. A Faris aka buga su, da Faransanci, don haka ba kowane gida suka shiga ba.

Damagaram ce ta buɗe ɗaya ƙofar. A 1973 aka kafa makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yaro ke fara karatu da lissafi da Hausa, Faransanci ya biyo baya sannu a hankali. Daga nan aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci, cibiyar INDRAP da ke Yamai tana shirya littattafai. Bincike ya sha nuna cewa ɗaliban nan ba su gaza na sauran makarantu ba, sau da yawa ma sun fi su. Duk da haka aka bar su da sunan gwaji shekara da shekaru, abin da ya fi kama da rashin niyya fiye da taka-tsantsan.

A wannan zamani ne kuma 'ya'yan ƙasar suka karɓe tarihinsu. André Salifou, haifaffen Zinder, ya rubuta tarihin daular Damagaram da wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimu. Abdullahi Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa Voulet, kuma fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Manya aka rubuta wa su. Ɗan shekara 8 sai dai ya ji a bakin yayansa.

Ba Nijar kaɗai ta sha wannan ba. A Amurka, Nancy Larrick ta duba littattafan yara 5,206 da aka buga daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 kacal ke da baƙar fata ko da mutum ɗaya. Can launi ne matsalar. A Takieta harshe ne, da kuma tambayar wa ake ba labarinsa. Ganuwar Tanimu da igwoyinsa abin alfahari ne, amma Damagaram ta sayar da bayi zuwa Arewacin Sahara, kuma sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake ɗauri a kansa. Littafin da ya yabi sarki ya manta da bawa da maƙeri da mai dakan gero, rabin labari ya bayar.

Maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo a Yamai sun buga littattafan yara da harsunan gida, sai dai kaɗan ke isa ƙauye. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Doka ta yi nata. Ya rage wa marubuta da masu zane na Damagaram su rubuta labarin Tirmini da Hausar da ɗan aji biyu zai karanta da kansa, a farashin da mahaifinsa zai iya biya ranar kasuwa.