Daga Akwatin Brownie Zuwa Kyamara Mai Dogon Zuƙo

Uku daga cikin manyan masu ɗaukar hoto na Afirka ta Yamma da kyamara iri ɗaya suka fara, kuma mai arha ce. Seydou Keïta na Bamako ya samu tasa a 1935, tsarabar da kawunsa ya kawo masa daga Senegal. J.D. Okhai Ojeikere, ɗan Najeriyar da ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan kitson mata har suka kai kusan dubu, ya sayi tasa a 1950. Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar yabo ta Zinare a birnin Benis a 2007, ya sayi tasa a 1956. Sunanta Brownie. Kamfanin Kodak ne ya fito da ita a 1900 a kan dala ɗaya, akwatin kwali ne da ɗan gilashi a gaba, ba abin murɗawa, ba abin sauyawa. Ka tsaya rana na bayanka, ka danna.

Na kawo wannan ne saboda tambayar da matasa suka fi yi mini yanzu, tun da sun san a wannan sana'a na yi furfura: "Baba, wacce zan fara saya, mai dogon zuƙo ko DSLR?" Ba na iya amsa ta a tsaye, domin gardamar ta girmi kyamarorin biyu. Tun da aka fara sayar wa talaka kyamara ake ja tsakanin wadda ke yi maka komai da wadda ke tilasta maka ka koya.

Abin da na tarar ina yaro shi ne akwatin katako mai ƙafa uku, a bakin gidan waya ko kusa da kotu. Mai hoto zai zaunar da kai a benci, an rataya ƙyalle a bango bayanka, ya cusa kansa cikin baƙin mayafi, ya fito, ya ce kada ka motsa. Sai ya cire murfin gilashin da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Cikin akwatin nan akwai 'yan kwanonin ruwan magani, ta wani hannun riga yake zura hannu yana wanke takardar ba tare da haske ya shiga ba. Abin da ke fara fitowa juyayye ne, baƙin mutum ya zama fari, farar hula ta zama baƙa. Sai ya manna shi a allo gaban kyamarar, ya sake ɗaukarsa, sannan fuskarka ta fito daidai, da ɗan danshinta. Maniyyata da yawa da irin wannan fasfo suka sauke farali. Mutumin nan ba shi da ma'aunin haske, idonsa ne ma'auni, ya san bambancin ranar hantsi da ta la'asar fiye da yadda na taɓa sani.

Masu shago kuwa Yashica suke riƙewa, mai hali ya riƙe Rolleiflex, masu ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. A ciki ake rataye ta, a leƙa ta sama, hoto 12 kacal a fim guda. Da ido na sama kake gani, na ƙasa ke ɗauka, shi ya sa in an matso kusa da yawa akan yanke wa mutum hula.

Wannan matsala ce kyamara mai madubi a ciki ta warware. An sa madubi a karkace bayan gilashi, yana tura abin da gilashin ya gani zuwa idonka. Kana dannawa sai madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan fim, ya dawo. Ƙarar da kake ji ke nan. Kine Exakta ta birnin Dresden a Jamus ta fito da wannan tsari a ƙaramin fim a 1936, Nikon F ta 1959 ta mayar da shi kayan aikin 'yan jarida a duniya. Amma wadda ta raini masu koyo ita ce Pentax K1000, da aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997. Da irinta maigidana ya koya mini. In ka leƙa, wata siririyar allura ce a gefen dama, tana hawa tana sauka. Aikinka ka murɗa faɗin idon gilashi da saurin ƙiftawa har allurar ta tsaya tsakiya, sannan ka murɗa gilashin har fuska ta fito tas. Hoto 36 ne a fim, kowanne kuɗi ne, kuma ba za ka ga aikinka ba sai an wanke. Da wuraren wanke hoto mai kala suka yawaita, mukan ɗauka a wurin ɗaurin aure, a hau babur a kai wanki, a dawo kafin taro ya watse, a baje hotuna a tabarma kowa ya nemi fuskarsa ya biya.

Kamfanoni sun lura mutane da yawa na son hoto mai kyau amma ba sa son jakar gilasai. A ƙarshen shekarun 1980 suka fito da 'yar tsakiya: siffar babbar kyamara, amma gilashi ɗaya a manne, mai zuƙowa, ba a cire shi. Ricoh Mirai ta 1988 da Olympus IS-1000 ta 1990 suna cikin na farko. Su ne kakannin mai dogon zuƙo, wadda ake kira bridge a yau. Ba su yi wani tasiri a wurinmu ba sai da fim ya ba da wuri. Injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko tun 1975, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset, amma sai da aka yi kusan shekara 25 kafin abin ya iso hannun jama'a sosai. Daga nan aka shiga tseren zuƙo. Panasonic FZ1 ta 2002 tana ninka 12, Canon SX50 ta 2012 ta kai 50, Nikon P900 ta 2015 ta kai 83, P1000 ta 2018 ta kai 125. Da wannan ta ƙarshe mutum na tsaye a tsakar gida zai ɗauko ramukan da ke jikin wata.

A ɗaya ɓangaren, DSLR ita ce waccan mai madubi, an cire fim an sa farantin lantarki mai kama haske. Nikon D1 ta 1999 ta haura dala 5,000, sai manyan gidajen jarida. A 2003 Canon ta fito da EOS 300D ƙasa da dala 1,000 har da gilashinta. Daga wannan shekara ne mai koyo ya samu zaɓi na gaske, kuma daga nan tambayar ta fara zuwa shagona.

Abin da mai sayarwa ba ya yawan faɗa shi ne inda dogon zuƙon ya samo asali. Farantin da ke cikin yawancin waɗannan kyamarori ƙarami ne ƙwarai, kamar milimita 6 da 4 da rabi. Na ƙaramar DSLR kuwa wajen 23 ne da 15, ya ninka shi kusan sau 13 a girma. Ƙanƙantar farantin ce ke ba da damar cusa zuƙo mai nisa a gilashin da hannu zai iya ɗauka. Amma haske kamar ruwan sama yake: wanda ya tara da ludayi da wanda ya tara da baho, in ana mamako duka za su samu, in yayyafi ne sai mai baho.

Saboda haka ba na raina mai dogon zuƙo. Ranar Hawan Daushe, rana na sama, kana can bayan cincirindo, ita ce za ta kawo maka adon linzami da naɗin rawani kamar kana gaban dokin. Giwa a Yankari, tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru, duka aikinta ne, kuma gilashin DSLR da zai kai wannan nisa ya fi kyamarar kanta tsada da nauyi. Tana da wata fa'ida da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba: ba a buɗe ta. Duk wanda ya taɓa sauya gilashi a tsakiyar hunturu ya san yadda ƙura ke sauka kan faranti, ɗigo ɗaya ya bayyana a kowane hoto, a goshin ango da na amarya.

Sai dai abincinmu ba a filin hawa yake ba. Yana ɗakin amarya ranar kamu, da zauren suna da asuba, da walimar dare lokacin da aka ɗauke wuta aka koma fitilar caji. A nan ƙaramin faranti ke kasawa, fuska ta yi yashi-yashi, jan leshi ya dagule, hannun da ya motsa ya zama inuwa. Uwar amarya ba ruwanta da ninki 83, fuskar 'yarta take so ta gani. Shi ya sa yaron da ya ce mini sana'a yake nufi, nakan ce ya nemi DSLR ta hannu, ya haɗa da gilashi mai lamba 50 wanda ke buɗewa har 1.8. Ba ya zuƙowa ko kaɗan, da ƙafarka za ka matsa, kuma wannan matsawar ce ke koya wa mutum yin sallama, da neman izini, da lura da ta wace taga haske ke shigowa. Ina jin zafin ganin yaro mai basira ya zuba jarinsa duka a kyamarar da ba za ta bar shi ya girma ba.

Kasuwar ma ta juya ta taimaki mai koyo. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121, a 2020 ba su kai miliyan 9 ba, wayar hannu ta cinye ƙananan. Manyan kuma tun daga Panasonic G1 ta 2008 suke komawa tsarin da ba madubi, Canon da Nikon duka sun mayar da ƙarfinsu can. Masu kuɗi na sauyawa, tsofaffin DSLR masu lafiya na gangarowa kasuwar kayan hannu da araha. Mai saye ya tambayi adadin hotunan da ta ɗauka, domin ƙiftawarta na da iyaka. Ya cire gilashin ya ɗaga shi sama ya duba ko danshi ya yi masa saƙar gizo a ciki. Ya ɗauki hoton farin bango ya ga ko akwai ɗigo. Ya kuma tabbatar ana samun batirinta a gari kafin ya ƙirga kuɗi.