Daga Tsohon Birni Zuwa Kabarin Tafawa Ɓalewa

Wanda yake son ganin tarihin Bauchi da ƙafarsa ya faro daga cikin tsohon birnin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19 ya kewaye shi da ganuwa. Gidaje sun cinye mafi yawan ganuwar, amma sunayen ƙofofin na nan a bakin 'yan acaɓa: Wunti, Jahun, Inkil, Tirwun, Ran. Ta wajen Ƙofar Ran ne kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake.

An haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya zama Firayim Minista a 1957. Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka kawo gawarsa gida. Ginin da ke kewaye da kabarin a 1979 aka buɗe shi.

Maginan ba su cika bango da rubutu ba, sun bar ƙafa da ido su karanta. Kana shiga sai duhu ya rufe ka a wani dogon lungu mai hawa. Wannan, in ji masu zagayawa da baƙi, zamanin Turawa ke nan. Can sai ɗan haske ya ratso ta tsagar bango, ya ɓace, ya sake dawowa, har ka ɓulla sarari. Kabarin kansa babu rufi, babu ƙawa, rana da ruwa na dukansa kamar na kowane Musulmi. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye 'yan kayayyakinsa, har da rediyo da agogo.

Abin da ginin bai faɗa ba shi ne gardamar da ta haifi wannan hasken na 'yanci. A shekarun 1940, Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur suna haɗuwa a zauren taɗin 'yan boko na Bauchi, suna ja-in-ja kan mulkin En'e. Ɓalewa na ganin a bi a sannu. Sa'adu kuwa ba ya tauna magana, a baki ko a waƙa. Ciwon huhu ya ɗauke shi a 1958, saura shekara biyu a sami 'yanci. Yau jami'ar jihar da ke Gadau ce ke ɗauke da sunansa, can ƙasar Katagum, nesa da birnin da ya raine shi.