3.4 HAƊARIN JIRGIN ALHAZAI A KANO, 1973

A cikin haɗurran da suka auku a tarihin jigilar alhazan Nijeriya ta jirgin sama, wanda ya faru a Kano ranar Litinin, 22 ga watan Janairu, 1973 ya cancanci a tsaya a kansa, domin har zuwa wancan lokaci ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba a duniya baki ɗaya.

Jirgin ƙirar Boeing 707 ne, mallakar kamfanin Alia na ƙasar Jodan. Kamfanin Nigeria Airways ne ya ɗauko shi haya don kwaso alhazai daga Jidda, kasancewar jiragensa ba su isa wannan aiki ba. Akwai mutum 202 a ciki, wato fasinjoji 193 da ma'aikata 9. Abin lura a nan shi ne, ba Kano jirgin ya nufa tun farko ba, Ikko ya nufa. Rashin kyawun yanayi a can ne ya sa aka karkato da shi zuwa Kano, inda ya tarar da hazo da iska mai ƙarfi irin ta hunturu. Ke nan an gudu ne ba a tsira ba.

Da jirgin ya zo sauka, sai ƙafarsa ta gaba ta riga na baya taɓa ƙasa, alhali kuwa a ƙa'ida ƙafafun baya ne ke fara sauka, tun da su aka yi don ɗaukar nauyin jirgi. Ƙafar ta karye, ta dama ma ta bi baya. Daga nan jirgin ya juya, ya saki hanyarsa, mai ya tsiyaye, wuta ta tashi. Mutum 176 suka rasu, 170 daga cikin fasinjoji, 6 daga cikin ma'aikata. Mutum 26 kacal suka tsira, ciki har da matuƙin. Waɗannan bayin Allah kwanaki kaɗan ke nan da kammala aikin Hajjinsu, danginsu na can na shirin taryarsu.

Idan aka yi la'akari da yadda abin ya gudana, za a ga cewa ɗora wa hazo laifi kaɗai, kamar yadda aka saba a bakin jama'a, bai wadatar ba. Hazo baƙo ne na kowace shekara a Kano, kuma jirage sun daɗe suna sauka a cikinsa. Bugu da ƙari, jirgin nan ba daga sama ya rikito ba. Ya iso ƙasa, wutar da ta biyo baya ce ta yi ɓarnar. Saboda haka muhimmiyar tambaya ita ce, me ya karya ƙafafun?

A kan wannan ne aka sami saɓani. Ɓangaren Jodan ya nuna cewa wani kwari da ke kan hanyar saukar jirage ne sanadi, wanda hakan na nufin alhakin yana wuyan hukumomin filin. Binciken da aka gudanar a ƙarƙashin gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuwa ya ɗora laifin a kan matuƙin, wanda Ba'amurke ne. Ba abin mamaki ba ne kowane ɓangare ya riƙe bayanin da ke wanke shi, ko da yake bayanan biyu ba sa kore juna: mugunyar sauka a kan hanya mai aibi ta fi saurin karya ƙafa.

Adadin na Kano ya ci gaba da zama mafi yawa har ranar 3 ga Maris, 1974, lokacin da jirgin kamfanin Turkiyya ya faɗi kusa da birnin Faris na Faransa, ya hallaka mutum 346.