Kwamfuta a makarantun Najeriya: daga takardar manufa zuwa zauren jarrabawa

Tun a 1988 Najeriya ta fitar da manufarta ta farko kan koyar da kwamfuta a makarantu. A 2010 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta samar da manufar amfani da fasahar sadarwa a harkar ilimi, aka kuma sake bitarta a 2019. Burin shi ne a kai na'urori da intanet makarantu, a horar da malamai, a kuma tsara darussa yadda ɗalibi zai bi su ta waya ko kwamfuta.

Sai dai inda manufar ta fi kama ƙasa shi ne zauren jarrabawa. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta fara amfani da kwamfuta a 2013, ta kuma ajiye takarda da fensir baki ɗaya a 2015. Sauyin ya rage satar amsa, ya kuma hanzarta fitar da sakamako. Amma ya zo da nasa cikas: a 2025 tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa cikin hawaye, aka sake musu jarrabawar.

A cikin aji kuwa tafiyar hawainiya ake yi. A Maris 2022 gwamnati, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na kyauta. Hukumar UBEC kuma ta gina makarantun zamani na gwaji a jihohi. Waɗannan kaɗan ne idan aka auna su da dubban makarantun da ba su da wutar lantarki, balle ɗakin kwamfuta.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin tsarin kuɗi. Abuja ce ke rubuta manufa, amma firamare da mafi yawan sakandare suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, da sharaɗin sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi tallafin. Jihohi da dama sukan bar kuɗin a jibge shekara da shekaru. Shi ya sa ake samun ɗalibin karkara da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai gab da ranar JAMB.

Duk da haka, a Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba WAEC da NECO wa'adin komawa kwamfuta kacokan zuwa 2026. A Nuwamban shekarar Majalisar Wakilai ta buƙaci a jingine shirin har zuwa 2030, domin jihohi su sami damar ɗaukar malaman kwamfuta da gina ɗakunan jarrabawa masu wuta da intanet.