Ta Ina Sabon Marubuci Zai Shiga? Tarihin Wasan Barkwanci a Talabijin na BBC

Gabatarwa

Daga cikin shirye-shiryen da gidajen talabijin ke yi, da wuya a sami wanda ya fi wasan barkwanci na mako-mako wuyar rubutawa da wuyar sayarwa. Irin wasan da ake nufi a nan shi ne na rabin sa'a, wanda mutane ƙalilan ke fitowa a cikinsa kowane mako, a wuri ɗaya, da halayensu da ba sa sakewa, sai dai matsalar da ta same su ta sake. Shirya shi yana cin kuɗi masu yawa, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa abin da ya ba shi dariya a takarda zai ba jama'a dariya a akwatin talabijin. Saboda haka mahukunta sukan fi son marubucin da ya riga ya yi suna. To, ke nan ta ina sabon marubuci zai shiga? Tarihin gidan BBC na Ingila daga 1961 ya nuna ƙofofi uku da sababbi suka bi, ya kuma nuna abin da ya faru sa'ad da ƙofofin suka ƙuntata.

Ƙofa ta farko: filin gwaji

A shekarar 1948 wasu samari biyu, Ray Galton da Alan Simpson, suka haɗu a asibitin masu tarin fuka na Milford, inda dukansu ke jinya. A nan suka fara rubutu tare. Bayan an sallame su sai suka riƙa sayar wa wani ɗan barkwanci na rediyo, Derek Roy, maganganun ban dariya, kowace ɗaya sule biyar. Daga 1954 suka zama marubutan Tony Hancock, har zuwa 1961 da ya rabu da su.

Don kada BBC ta rasa su, sai Tom Sloan, shugaban sashen nishaɗi, ya ba su fili goma na rabin sa'a, su rubuta abin da suka ga dama. Aka sa wa filin suna Comedy Playhouse, aka fara nuna shi a watan Disamba 1961. Kowane mako labari dabam, 'yan wasa dabam. Na huɗu a jerin, wanda aka nuna a Janairu 1962, labarin wani tsoho ne da ɗansa masu sana'ar gwangwan da amalanken doki. Shi ne ya zama Steptoe and Son, wanda ya shahara ƙwarai.

Amfanin wannan fili bai tsaya ga mutanen nan biyu ba. Daga baya an buɗe shi ga sauran marubuta, ya ci gaba har 1975. Hikimarsa kuwa ita ce, maimakon a ɗauki nauyin wasa shida ko bakwai a kan sunan wanda ba a sani ba, sai a ɗauki nauyin ɗaya tak. In jama'a sun karɓa, a ci gaba. In sun ƙi, hasarar rabin sa'a ce kawai. Ta wannan hanya ce Carla Lane da Myra Taylor, matan aure biyu daga Liverpool, suka fitar da The Liver Birds a 1969. Ta nan ne kuma Roy Clarke, tsohon ɗan sanda kuma tsohon malamin makaranta, ya gwada Last of the Summer Wine a 1973, wasan da bai ƙare ba sai a 2010, bayan fitowa 295.

Ƙofa ta biyu: mai ikon cewa "a yi"

Fili kaɗai ba ya isa in babu wanda zai karanta abin da aka rubuta. A wancan zamani furodusa ma'aikacin gidan ne, kuma tsakaninsa da shugaban sashen barkwanci taki ɗaya ne. In su biyun sun gamsu, an kusa gamawa.

Jimmy Perry ɗan wasa ne da ba a san shi da rubutu ba. Ya rubuta wasa a kan rundunar sa-kai da ta tsare gida lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda shi kansa ya shiga yana saurayi, ya miƙa wa furodusa David Croft hannu da hannu. Croft ya kai wa Michael Mills, shugaban sashen, shi kuwa ya amince, aka haɗa Perry da Croft su rubuta tare. Aka fara nuna Dad's Army a 1968, ya yi fitowa 80 har zuwa 1977.

Mills ɗin nan ne ya karɓi rubutun Raymond Allen, wanda ke aikin shara a wani gidan silima a tsibirin Wight, wanda kuma ya sha aika wasanni ana dawo masa da su. Sakamakon shi ne Some Mothers Do 'Ave 'Em na 1973, mai ɗauke da Frank Spencer, wanda har masu kallon talabijin a Nijeriya suka san shi.

Shi kuwa John Sullivan, wanda ya bar makaranta yana da shekara 15, da ya ga rubutun da yake aikawa ba ya kai shi ko'ina, sai ya nemi aikin ɗaukar kayan dandali a cikin BBC, domin ya kusanci masu iko. Ya tunkari furodusa Dennis Main Wilson da rubutunsa, aka yi wasan gwaji na Citizen Smith a 1977. A 1981 ya fito da Only Fools and Horses. Farkonsa bai sami 'yan kallo da yawa ba, amma aka yi haƙuri da shi, har wata fitowarsa ta Kirsimetin 1996 ta tara mutum miliyan 24.3.

Amma fa kada a ɗauka wannan ƙofa ta yi wa kowa adalci. Perry da Sullivan duk sai da suka shiga cikin gidan kafin a saurare su. Wanda yake nesa da Landan, ko ba shi da wanda ya sani, tilas ya dogara ga gidan waya da sa'a. Mata kuwa irin su Lane ƙalilan ne ainun.

Ƙofa ta uku: koyo da ƙaramin aiki

Har wa yau akwai wurin koyon sana'ar. Daga 1970 zuwa 1998 rediyon BBC ya gudanar da shirin Week Ending mai yi wa labaran mako ba'a, wanda ke karɓar gajerun rubuce-rubuce daga kowa, a kuma biya shi in an yi amfani da nasa. Sabon marubuci yakan ji da kunnensa wace magana ce ta tsira, wace ce aka yanke. David Renwick, wanda ya rubuta One Foot in the Grave a 1990, yana cikin waɗanda suka fara a nan. Sullivan ma sai da ya rubuta gajerun wasanni ga shirin The Two Ronnies.

Sauyin da aka samu daga 1990

Dokar watsa shirye-shirye ta 1990 ta wajabta wa BBC sayen kashi 25 cikin ɗari na shirye-shiryenta daga kamfanoni masu zaman kansu. A 1996 kuma, zamanin shugabancin John Birt, aka raba masu shirya wasa da masu ba da kwangilarsa. Wannan ya buɗe kasuwa ga kamfanoni, amma ya tsawaita hanyar marubuci, domin rubutunsa ya koma bi ta hannun wakili, da kamfani, da jami'in ba da kwangila, kafin ya isa ga shugaban tasha, kuma kowane ɗayansu na iya cewa "a'a". Don rage wannan matsala BBC ta kafa sashe na musamman mai karɓar rubutun sababbin marubuta a lokutan da ta ƙayyade, ta kuma farfaɗo da Comedy Playhouse daga 2014 zuwa 2017.

Duk da haka, nauyin gwaji ya karkata zuwa kan marubuci. The Office na 2001 ya samo asali ne daga ɗan gajeren fim da Stephen Merchant ya ɗauka tare da Ricky Gervais lokacin da yake koyon aikin furodusa. Phoebe Waller-Bridge kuwa sai da ta nuna Fleabag a dandali, a bikin wasanni na Edinburgh a 2013, kafin ya shiga talabijin a 2016. Watau abin da gidan talabijin ke biya da kuɗinsa a 1962, daga baya sau da yawa sai marubuci ya fara nuna shi a wani wuri tukuna.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, baiwa ba ta isa ta kai rubutu gaban jama'a. Mai shara da ɗan sanda da mai ɗaukar kaya sun zama marubuta ne domin akwai fili mai arha da za a gwada su, akwai jami'i mai karatu da ikon yanke shawara, akwai kuma ƙaramin aiki da ake koyo da shi. Ɗalibi mai sha'awar rubutu ya lura cewa yawancinsu da ƙaramin abu suka fara, bayan an sha ƙin karɓar aikinsu. Ma'aikacin da aka damƙa wa ragamar shirye-shirye kuwa ya lura cewa duk gidan da ba ya ware rabin sa'a domin wanda ba a sani ba, wata rana zai nemi marubuta ya rasa. Hausawa dai sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.