Tafsirin Azumi: Yadda Magabatanmu Suka Ribaci Watan Alƙur'ani

Duk wanda ya tashi a Damagaram, ko Maraɗi, ko zangon Kumasi, ko Garwa, ya san wannan zama. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci ko a fadar sarki, alaramma yana jan baki, malami yana biye da shi yana warware ma'ana da Hausa, jama'a kuwa sun yi tsit, leɓe ya bushe amma kunne a buɗe. Mun saba da tafsirin azumi har muna ɗaukar sa kamar abin da ya zo tare da jinjirin wata. Alhali yana da tarihi, kuma a cikin tarihin nan akwai amsar tambayar da muke yi wa kanmu kowace shekara: ta yaya za mu ci ribar wannan wata?

Tushen abin yana Madina. An wajabta azumin Ramadan a shekara ta 2 bayan hijira, wato 624 Miladiyya. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Mala'ika Jibrilu yakan zo wa Manzon Allah (SAW) a kowane Ramadan su yi bitar Alƙur'ani, a shekarar wafatinsa kuwa sau biyu suka yi. Daga baya Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya haɗa mutane bayan limami ɗaya, Ubayyu ɗan Ka'abu, domin sallar asham. Tun daga farko ke nan azumi da Alƙur'ani tare suke tafiya: rana ta kame baki, dare na tilawa.

Littafin da ya fi kowane shiga zaurukanmu a wannan fage shi ne Tafsirul Jalalaini, kuma rabinsa a watan azumi aka rubuta shi. Malami na farko, Jalaluddin Al-Mahalli na Masar, ya yi tafsiri daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya haɗa da Fatiha, sai ajali ya riske shi a 1459. Almajirinsa Jalaluddin As-Suyuɗi ya ɗauki ragowar, daga Baƙara zuwa Isra'i. Shi da kansa ya rubuta cewa ya fara aikin ranar 1 ga Ramadan na shekarar 870 bayan hijira, ya kammala ranar 10 ga Shawwal. Kwana arba'in ke nan, a 1466, yana saurayi ɗan shekara 21. Azumi ɗaya na matashi ɗaya, ga shi sama da shekara 550 ana cin moriyarsa.

Suyuɗi ba baƙo ba ne ga ƙasashenmu. Alhazan Takarur da ke bi ta Alƙahira sun zauna gabansa, cikinsu har da Askiya Muhammad na Sanwai a tafiyarsa ta hajji wajen 1497. Ya rubuto wasiƙar nasiha ga Sarkin Agadas Muhammad Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim, yana jan hankalinsu ga adalci da tsayawa kan shari'a. Ta waɗannan hanyoyi na ayari da aikin hajji littattafansa suka ƙetaro Sahara. Jalalaini ya samu karɓuwa domin gajere ne, yana bin aya kalma bayan kalma, don haka ya dace da malamin da zai karanta Larabci ya juya shi nan take zuwa harshen masu sauraro.

Kowace ƙasa ta yi abin da salonta. A Tumbutu, littafin Tarihus Sudan ya ambaci malaman da ke karanta Ashafa ta Alƙali Iyal a masallacin Sankore cikin watan Ramadan, al'adar da har gobe muke gani a garuruwanmu. A Barno an samu Alƙur'anan hannu masu fassara da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1669; wannan harshen karatu, wanda ake kira Tarjumo, bai mutu ba a bakin malaman Barebari. A ƙasashen Gwanja da Asante kuwa, a wajen Wangarawa, mutum ba ya zama cikakken malami sai ya sauke littattafai uku a gaban malaminsa: Jalalaini, Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Ashafa. Harsuna sun bambanta, manufa ɗaya ce: kada Alƙur'ani ya tsaya a kunne bai kai zuci ba.

A ƙasar Hausa, wanda ya fi barin gado a wannan fanni shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'ar jihadi, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan tafiyar da mulki, ya kuma yi musu tafsirin Alƙur'ani. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya ga zukata sun fara lalacewa, maganin da ya miƙa shi ne komawa ga ma'anar Littafi. Daga baya ya wallafa babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala wajen 1816. Da ya ga ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, sai ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da almajiranmu suka saba da ita a allo. Ya rasu a Gwandu a 1829.

Tsarin zaman da muka gada yana da hikima. Alƙur'ani izu 60 ne, wata kwana 29 ko 30, don haka mai son sauka a wata guda izu biyu yake ɗauka a kullum. Wasu malaman sukan bi wannan ma'auni, wasu kuma sukan tafi a hankali, su tsaya inda wata ya ƙare, baɗi su ɗora daga nan, har sauka ta ɗauki shekaru. Ko ta wace hanya, mai sauraro ya san abu uku: malaminsa, wurin zamansa, da ayar da aka tsaya jiya. Manomi da maɗinki da ɗan kasuwa da bai iya Larabci ba, idan ya lizimci zama ɗaya shekara da shekaru, sai ka tarar ya san ƙissoshin annabawa, ya san hukuncin gado da na bashi, ya san inda aka yi gargaɗi da inda aka yi bushara. Makarantar manya ce da ba ta karɓar kuɗi, sai haƙuri.

Rediyo ya zo ya faɗaɗa tabarmar. Daga 1967 gidan rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello, muryar ta ƙetare iyakoki ta shigo Nijar da Kamaru da Cadi da Gana. Daga baya aka ji Shaihu Ɗahiru Usman Bauci a wannan gida, a Kano kuma ga Shaihu Nasiru Kabara. Mata da ke cikin gida suna haɗa abin buɗa baki suka samu rabonsu, haka matafiya da mazauna ƙauye. Kaset ya biyo baya, sannan wayar hannu. Sai dai faɗin ya zo da nasa tsada. A shekarun da saɓani ya yi zafi tsakanin ƙungiyoyin addini, wasu zaman tafsiri sun koma fagen raddi, masu sauraro suka fara zuwa jin wanda aka kayar maimakon jin abin da aya ta ce.

Yau mun fi kowane ƙarni yawan tafsiri. A waya ɗaya akwai malamai ɗari. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawanmu guntaye muke tsinta, minti biyu daga wannan, minti uku daga wancan, galibi inda aka yi barkwanci ko aka yi wa wani martani. Wata yakan ƙare ba mu bi sura ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Kakanninmu da littafi ɗaya da malami ɗaya sun fita azumi da abin da ya zauna a zuci, mu kuwa muna tsakiyar kogi muna kukan ƙishirwa.

Abin da tarihin nan ke nuna mana ba mai wuya ba ne. Mu zaɓi zama ɗaya na malamin da muka amince da iliminsa, a masallaci ko a rediyo ko a waya, mu lizimce shi daga ɗaya ga wata har ranar rufewa. Mu karanta ayoyin da za a fassara kafin mu zauna, domin kunne ya tarar da abin da ido ya riga ya gani. Mu fita kowane zama da abu guda da za mu aikata kafin rana ta faɗi: bashin da za mu biya, zumuncin da za mu gyara, maganar da za mu kame. Mu tafi da ƴaƴanmu, kamar yadda aka riƙa hannunmu aka kai mu. Idan goman ƙarshe ta zo, abin da muka fahimta da rana shi zai tsaya tare da mu a tahajjudi, sai mu ji liman yana karanta abin da muka san ma'anarsa.

Suyuɗi kwana arba'in ya samu, Malam Abdullahi kuwa zangon matafiyi ne ya mayar makaranta. Mu ma an ba mu kwana talatin, kuma babu wanda ya san ko zai ga na baɗi. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya karɓi ibadunmu, Ya sa muna cikin ƴantattun bayinsa a wannan wata. Amin.