Tarihin Littafin Kalila da Dimna



In anka kawo littafin gatana wurin karatu, wani dattijo yakan ce: "Ni da furfurata in zamna karatun ƙarya? Yaushe zaki ya taɓa magana?" Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana cikin tarihin wani littafi, sunansa Kalila da Dimna.

Asalinsa ƙasar Hindu ne, yau fiye da shekara 1500. An ce wani sarki ne ke da ɗiya maza 3 da sunka ƙi karatu. Sai wani tsohon malami ya yi alkawalin koya masu dabarun mulki cikin wata 6, ta hanyar labarun dabbobi.

Wajen shekara ta 570, a zamanin sarkin Farisa Kisra Anushirwan, likitansa Barzawaihi ya tafi har Hindu, ya zo da littafin, ya juya shi cikin harshensu. Ku duba, ƴan uwa: likitan sarki ba ya tafiyar watanni saboda abin wasa. Wajen shekara ta 750 kuma, Abdullahi ɗan Muƙaffa, wani magatakarda na birnin Basra, cikin Iraƙi ta yau, ya maida shi Larabci.

To, mi ke cikinsa? Kalila da Dimna diloli biyu ne a fadar zaki. Wata rana zaki ya ji kukan wani bajimi, tsoro ya kama shi. Dimna, don neman girma, ya je ya kawo bajimin fada. Zaki da bajimi sunka zama aminai, har anka manta da Dimna. Sai hassada ta kama shi. Ɗan uwansa Kalila ya yi masa gargaɗi, bai ji ba. Ya je ya ce ma zaki: bajimi yana shirin kashe ka. Ya koma ya ce ma bajimi: zaki zai cinye ka. Da sunka gamu, kowa yana tuhumar ɗan uwansa, faɗa ya tashi, zaki ya kashe amininsa. Bayan nan ya yi da-na-sani. Masana sun ce ɗan Muƙaffa ne ya ƙara babin da anka yi ma Dimna shari'a, anka hukunta shi, don kada makirci ya tafi a banza.

Kun ga amfanin abin. A fada, ba mai iya duban sarki ya ce masa: kana sauraren munafukai. Amma kowa yana iya ba shi labarin zaki. Sarki ya gane kansa, ba a ci mutuncinsa ba, mai magana kuma ya koma gida da kansa bisa wuyansa. Hatsarin gaskiya ne: shi kansa ɗan Muƙaffa, da ya shiga rigimar masu mulki, an kashe shi a Basra kafin shekara ta 760.

Littafin kuwa bai mutu ba. A shekara ta 1251 anka juya shi cikin harshen Sipaniya. A shekara ta 1678, marubucin Faransa La Fontan ya faɗi da kansa cewa labarunsa da yawa daga wannan tushe ya samo su. Shi ne mai labarun dabbobin nan da ƴan lakwal da yawa sunka hardace a ƙasarmu.

Mu ma muna da namu. Kwaɗayin kura da wayon Gizo, ai ba dabbobi kakanninmu ke nufi ba, halin mutane ne. Yaro ya yi dariya da dare, sai ya girma ya gane abin da anka gaya masa.

Saboda haka, ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi tsohuwa ta ba shi gatana guda, ya rubuta cikin littafinsa. Sa'an nan ya tambayi kansa: a garinmu, wa ke zaki, wa ke dila? Ni kuma, wane ne?

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.